Akwai Namiji a Gidan Nan

Kowace safiya, kafin ya sha kofi, Gordon Pruitt sai ya fita ƙofar gida ya kama kwaɗon da ke jikin ƙyaure ya girgiza shi. Shi da hannunsa ya kulle shi jiya da yamma, kuma ya sani. Duk da haka sai ya girgiza, ya ɗan tsaya kamar mai jiran kwaɗon ya ba shi amsa, sannan ya koma ciki. Matan da ke wucewa da kwandunan shinkafa za su kai wa sufayen haikali sadaka sun saba da ƙarar. Ran da ba su ji ba, sai su ce yau Baturen Lamduan bai tashi lafiya ba.

Direban motar 'yan makaranta ne a Toledo ta Amurka har ya yi ritaya. An taɓa fasa masa gida a can, aka ɗauke talabijin da tsohuwar bindigar farauta ta mahaifinsa. Bai tarar da kowa ba, sai labule yana kaɗawa a tagar da aka ɓalle. Ya ce tun daga ranar bai ƙara yin barci mai nauyi ba. Bayan matarsa ta fari ta rasu ya zo Thailand, ya haɗu da Lamduan tana sayar da kwaɗon gwanda a Udon, ta aure shi, ta kawo shi ƙauyensu.

Ra'ayinsa kan duniya bai da yawa, amma yana riƙe da shi gam. Amurka ta lalace, ɓarayi sun fi 'yan sanda ƙarfi, kuma ya san jam'iyyar da ta jawo haka. Thailand kuwa aljanna ce, mutum ya bar babur a bakin hanya ya dawo ya same shi. Haka yake faɗa wa duk wanda ya tsaya. Amma a ƙauyen kaf, gidansa kaɗai ke da katanga mai fasassun kwalabe a kai, da kyamarori a kusurwoyi, da karnuka biyu.

"Tsoho," Lamduan takan ce, "in aljanna ce, wa kake kullewa a waje?"

"Aljanna ma tana da ƙofa, Duan."

Ta daina gardama da shi tun tuni. Ta lura mutumin kirki ne wanda tsoro ya riga ta zama da shi. Takan ajiye masa maganin zuciyarsa kusa da kofi, ta bar shi da labaran ƙasarsu.

Ranar Asabar yakan sa jar hularsa ta 'yan jam'iyyarsu ya tafi shagon taliya na mararraba, inda Walt Szymanski ke jiransa. Walt tsohon malamin makaranta ne daga Arizona, yana auren wata mata a ƙauyen gaba, kuma ɗan ɗaya jam'iyyar ne. Su biyu ke nan Amurkawa a duk yankin, ba kuma abin da suka taɓa yarda a kansa. Sai su yi ta ɗaga murya kan zaɓen ƙasar da ba wanda ya taka ta cikinsu shekara da shekaru, mai shago tana ƙara musu ƙanƙara a kofi, ba ta jin ko kalma.

A ranin da ya biyo bayan girbin bara ne maza suka fara mutuwa cikin barci. Na farko mai injin casar shinkafa ne, ƙato, bai kai arba'in ba. Ya kwanta lafiya, aka tashe shi bai tashi ba. Sai mai gyaran babura. Sai wani magidanci a ƙauyen su Walt, wanda ya kishingiɗa bayan abincin rana. Ba ciwo, ba rauni. Tsofaffin mata suka dubi juna, ba su ma furta sunan da ƙarfi ba. Fatalwar bazawarar nan ce ta dawo, wadda ta mutu ba miji, take bin gidaje tana neman na tafiya da shi.

Abin da ake yi sananne ne. Kafin mako ya ƙare, kowace ƙofa a ƙauyen ta sami jar riga a rataye, da guntun kwali mai rubutu. Maza suka shafa jan farce, wasu suna kwana da zanen matansu. Bazawarar ba ta da wayo sosai. In ta ga alama, takan yarda ta wuce.

Lamduan ta rataya tata a jikin ƙyaure, ba ta ce wa Gordon komai ba. Shi kuma ya ɗauka shanya ce.

Ran Asabar ya tarar da Walt yana cin taliya da jajayen farata, yana juya su a iska kamar amarya.

"Me zan gani haka?" in ji Gordon. "Na san jam'iyyarku za ta kai ka nan, amma ban zaci da wuri haka ba."

"Kai dai ka yi shiru, ɗan jar hula. Na biyo ta ƙofarka, na ga har tutar jam'iyyarku matarka ta kafa maka. Ka san abin da aka rubuta a kwalin?"

"Ni ina na iya karanta waɗannan tsutsotsin?"

"Cewa aka yi: gidan nan babu namiji." Walt ya yi dariya har ya sarƙe. "Gaskiya dai ta fito, Gordy."

Gordon bai yi dariya ba. Ya ajiye cokali, ya hau babur ɗinsa.

Lamduan tana tsinke ganye a tsakar gida ta ga ya shigo da rigar a hannu, kwalin a yage.

"Kin san abin da kika yi? Kin rubuta wa kowane ɓarawo daga nan har Udon cewa ba namiji a gidan nan. Ai gara ki ba su makulli."

"Ba don ɓarawo ba ne, Tsoho."

"Ɓarawo ma ya iya karatu."

"Mutum uku fa."

"Gishiri da giya da rashin zuwa asibiti. Ni abin da ke da ƙafa biyu nake tsoro."

Ta sake ratayawa washegari, ya sake cirewa. Ta nemi ya bar ta ta shafa masa jan farce ko a ɗan ƙaramin yatsa, ya sa hannuwansa cikin aljihu. Maƙwabciyarsu, Iya Kham, wadda ta binne maza biyu, ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Ƙyale shi, 'yata. Wataƙila ba ta son farin nama." Amma da ta juya, ba murmushi a fuskarta.

Bayan 'yan kwanaki Lamduan ta dawo daga kasuwa da rana tsaka, ta same shi a tsaye a tsakar gida, fuskarsa ja, yana murna kamar wanda ya ci zaɓe.

"Na ce miki suna kallonmu! Sun turo mai leƙen asiri. Wata mata, doguwa, gashi har baya. Ta tsaya a ƙofa cikin wannan ranar, ba laima, tana ta duban inda kika rataya rigar."

Lamduan ta sauke kwandonta a hankali. "Karnuka sun yi haushi?"

"Ragwaye, ko motsi. Ni na fita da kaina. Da yarenku ma na gaya mata, yadda za ta ji da kyau."

"Me ka ce mata?"

Ya daki ƙirji. Shekara da shekaru yana fama da yaren bai iya ba, amma wannan jimlar ta fito masa daidai, ba kuskure ko ɗaya.

"Akwai namiji a gidan nan."

"Ita me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ta yi murmushi, ta yi mini gaisuwa da hannu biyu. Tana da ladabi, wannan kam."

Ya ja ta wurin talabijin ɗin kyamarori don ta gane fuskar. Ga ƙyaure, ga shi yana nuna yatsa, bakinsa yana motsi. Inda yake nunawa hasken rana ya cinye hoton, fari fat. Karnukan suna kwance a gefe, sun cusa kawunansu ƙarƙashin ƙafafu.

"Kyamarar banza," in ji shi. "Zan sayo wata."

Asabar ɗin nan bai je shagon taliya ba. Ya bar labarai suna ta yi a falo ba ya kallo. Lamduan ta ga yana zagaya katanga yana duba kwalaben ɗaya bayan ɗaya, yana neman wadda ta karye. Babu.

Da suka zauna cin abincin rana, ya mulmula shinkafa a hannu, bai kai baki ba.

"Duan. Ɗazu tana ƙarƙashin mangwaro."

Mangwaron yana cikin gida.

"Ƙofa a kulle take," ya ce, a hankali, kamar yana ba kwaɗon haƙuri. Sannan ya ce, "Ina wannan 'yar kwalbar taki?"

Ta ɗauko jan farcen. Ta ga wannan kaɗai ba zai isa ba yanzu, tunda ya riga ya faɗa wa matar cewa akwai namiji. Sai an haɗa da farin zaren da babban sufi ke tofawa a ɗaura a wuyan hannu.

"Zauna nan a gadon gora, kada ka kwanta. Ka ji ni? Kada ka rufe ido. Yanzu zan dawo in shafa maka."

"Zan fara da kaina. Ai na yi fenti a rayuwata." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Kada ki gaya wa Walt."

Ya raka ta ƙofa, ya kulle a bayanta.

Sufin yana wurin wata jana'iza a ƙauyen gaba, sai da ta jira shi. Da ta dawo rana ta karkata. Ta kira, ta buga ƙyaure, ba amsa, karnuka ma shiru. Da tsanin Iya Kham aka haura, aka shimfiɗa buhu kan kwalaben. A gadon gora aka same shi kwance, ya riga ya cika.

Likita ya ce zuciya ce, kuma ya nuna takardun da ke cewa haka tun da daɗewa. Ba wanda ya musa masa.

Washegari aka kwantar da shi a haikali don zuba ruwan bankwana. An lulluɓe shi duka, aka miƙo hannunsa na dama kan ƙaramin matashi, yadda ake yi wa kowa. Mutanen ƙauye suka yi layi, kowa ya zuba ruwa a tafin, ya nemi gafara, ya wuce. Kowa kuma sai da ya duba yatsun.

Walt ne ya zo kusan ƙarshe. Ya karɓi ƙoƙon da jajayen faratansa, ya daɗe a tsaye.

"Tsohon banza," ya ce ƙasa-ƙasa. "Da wa zan yi faɗa yanzu?"

Lamduan kaɗai ta san hannun hagu, wanda ke ƙarƙashin mayafi. An gama shi tsaf, yatsu biyar, ba inda jan ya zarce. Na daman ne ya ba shi wuya, don da hagu yake shafawa. Ya yi babban yatsa, a karkace. Ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan manuni. Sauran ukun farare ne, ruwa yana bi ta kansu yana sauka cikin tasa.