Maude Mai Takin Jemage

A wani ƙauye da ke yamma da Wagini, inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara, an yi wani mutum mai suna Maude. Ɗan makiyaya ne, amma ciwon huhu ya share musu garke tun yana saurayi, ya tashi ba saniya, ba gonar kirki. Abin da ya rage masa shi ne wani kogo a gindin dutse, inda mahaifinsa kan fake da maruƙa in hadari ya taso.

Dutsen fari ne mai laushi, ruwa ya daɗe yana cinsa ta ciki har ya yi ɗaki-ɗaki. Mutane ba sa wuce bakin ƙofa, wai akwai masu wurin. Maude kuwa da rarrafe yake kutsawa, tocila a baki, har inda jemagu ke rataye kamar an shanya baƙin yadi. Kashinsu yake kwasa a buhu, ya aza wa jaki, ya kai wa masu lambun albasa. Ya san ramin beguwa, ya san lungun da mesa ke kwanciya tana jiran jemage ya faɗo, ya san wani tafki can ƙurya mai kifaye farare fat marasa ido. Bai taɓa kama ko ɗaya ba. Yakan ce wa matarsa Kulu, halittar da Allah ke ciyarwa a cikin duhu ba rabon tukunyarsa ba ce. Da takin nan ya ci, ya sha, ya aurar da 'ya'yansa.

Shekarar da 'yan bindiga suka mamaye dajin, wata rana da hantsi suka tare shi a bakin kogo. Suna tafe da mutanen da suka ɗebo daga gona, ɗaure da igiya ɗaya, duk 'yan ƙauyensu, har da maƙwabcinsa Daudu.

"Baba, an ce kai ka san cikin nan," in ji babbansu. "Shige gaba."

Maude ya ce ciki ba iska, mutum ba ya kwana a wurin ya tashi lafiya. Aka ɗora masa bakin bindiga a ƙeya. Ya shige gaba.

Da wari da kukan jemagu suka dami 'yan bindigar, sai suka cinna wa tsofaffin tayoyi wuta. Maude yana tsaye jemagu suka yi ta kwararowa waje da rana tsaka, shirwa na surarsu, waɗanda hayaƙi ya ci ƙarfinsu suna zubowa ƙasa kamar kanya. Da yamma suka sake shi, suka riƙe jakin.

Sai da damina ta ja baya aka sako mutanen. Daudu bai fito ba, ciwon ƙirji ya kashe shi a cikin kogon. Waɗanda suka dawo suka ce Maude ne ya yi jagora, kuma ba wanda ya yi masa ƙarya. 'Yan sa-kai suka zo suka ƙone masa ɗaki. Ba don liman Malam Uzairu ya tsaya a tsakani ba, da ranar ya kwana a kabari. Shi ma limamin, da ƙura ta lafa, ya ja shi gefe ya ce ya bar garin, ba kullum zai iya tare masa ba.

Da aka yi sulhu da 'yan bindigar, Maude ya lallaɓa ya koma kogon sau ɗaya. Shiru. Rufin ya yi baƙi ƙirin, tafkin ya cika da leda da ƙazanta, ya haska ya haska bai ga abu mai motsi ba.

Yanzu shi da Kulu suna Batsari, a wani kango da mai shi ya bar musu. Kulu ke wankau suna ci. Ranar kasuwa in 'yan ƙauyensu sun gitta, Maude kan miƙe ya gaishe su. Wasu su amsa a daƙile, matar Daudu kuwa ta ja mayafi ta wuce. Rannan Kulu ta ce masa ta ji masu gudun hijira sun fara komawa gida, ko su ma za su shirya.

Ya ce, "Mu koma wurin wa, Kulu?"

Ba ta sake tayar da zancen ba.