Tukunyar da Muka Binne a Gona

Duk abin da zan manta a rayuwata, ban da safiyar da na koma ƙauyenmu neman tukunyar mahaifina.

Lokacin ina koyarwa a Safana. Da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a yankin Ruma, na je na kwashe iyayena zuwa Batsari. Kafin mu tashi, Baba ya sa Alƙur'anin da kakanmu ya rubuta da hannunsa da takardun gona a cikin tukunya, muka liƙe bakinta, muka binne a tsakiyar gona. A tsaitsaye na adana lambobin wurin a taswirar wayata, muka hau babur.

Shekara biyu muna gudun hijira. Da ciwo ya kwantar da Baba, ba shi da magana sai ta Alƙur'anin nan. Na roƙi 'yan sintiri su raka ni, suka ce awa ɗaya kawai za su ba ni. Wani dattijo maƙwabcina, ma'aikacin safiyo mai awon filaye a ƙaramar hukuma, ya ce zai bi ni.

Muka tarar gona ta koma daji, sabara har ƙirji. Na buɗe waya, shuɗin ɗigon da ke nuna inda nake a taswira ya yi ta tsalle, yanzu gabas, an jima yamma. Na haƙa rami uku, babu komai. Gumi ya jiƙa ni, ga shugaban 'yan sintiri yana ta duba agogo.

Dattijon ya karɓi wayar. "Malam, ranar da ka ɗauki lambar nan, minti nawa ka tsaya?"

"Wallahi, ko ɗaya ban cika ba."

"To, za ta iya kauce maka da taku goma. Ajiye fartanyar."

Ya fita fili inda babu itace, ya ɗora wayar a tafin hannunsa, ya ce a bar ta ta kama taurarin ɗan'adam sosai. Minti biyar muka yi a tsaye. A lokacin ji nake kamar in fizge ta. Daga nan ya tunkari wurin ta fuska huɗu, duk inda ɗigon ya tsaya ya ajiye dutse. Ya tsaya a tsakiyar duwatsun, ya miƙo min rodi, ya ce in riƙa soka ƙasa ina zagayawa, ina faɗaɗa da'ira.

A zagaye na uku rodin ya ce ƙwas.

Da na kai wa Baba, ya rungume gafakar Alƙur'anin a ƙirjinsa. Sati biyu bayan haka Allah ya yi masa rasuwa, yana karatu a cikinsa har ranar ƙarshe.

Dattijon nan ko kuɗin mai bai yarda na ba shi ba. Har yau ina sa shi a addu'a. A wurinsa na koyi cewa lokacin da mutum ya fi jin gaggawa, lokacin ne ya fi bukatar ya tsaya ya natsu.