Kawu da Direban Gabansa

Kawuna ya tsufa a kan sitiyarin babbar mota yana keta hamada, kuma in ka ji ta bakinsa, bai taɓa ɓata ba. Mutumin da hula na kansa yake tayar wa matarsa hankali a nemo masa ita! Dabararsa ɗaya ce: in ya ga sawun taya a kan rairayi, sai ya bi. "Sawu ba ya ƙarya," in ji shi.

Ranar da na bi shi, mun yada zango a gindin wata busasshiyar bishiya, muka tashi. Can sai ga sabon sawu. Kawu ya daki sitiyari ya ce, "Kun ga aikin gwani! Wannan direban ya san hanya kamar yunwar cikinsa."

Muka bi. An jima sawun ya zama biyu, ya zama uku. Kawu ya gyara zama, ya ce ai mun fito babbar hanya.

Sai wata tsohuwa cikin fasinjoji ta ɗaga murya daga baya: "Direba, don Allah in mun sake zuwa bishiyar nan ka tsaya. Takalmina ne ya faɗi, sai wuce shi muke ta yi."

Nan take aka taka birki. Kawu ya sauka, ya dubi sawun, ya dubi tayarsa, ya tofar da yawu.

"Wa ya ba wannan jakin mota?"

Har gobe yana cigiyar direban nan, wai sai ya koya masa tuƙi.