Baba da 'Yan Babur

Jama'a, ku taya mu da addu'a, yau faɗan Baba ya jawo mana magana!

Tun da ya yi ritaya daga aikin hedimasta a ƙofar gida yake wuni, duk wanda ya wuce sai ya sha faɗa. Ɗazu bayan la'asar wasu samari suka shigo layinmu a Fadaman Mada, a kan babur, da mugun gudu. Baba ya ɗaga sanda: "Kai, marasa tarbiyya! Ba manya a gidanku?"

Sai suka juyo! Na leƙo, na zaci haƙuri za su ba shi. Ina! Na bayan ya sauko yana murmushi, ga tabon sara a kumatunsa. Ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba? Kai ka kore ni a aji biyar."

Baba ya sauke sandarsa. Baba fa!

Saurayin ya shafa ƙofarmu a hankali, ya ce, "Ashe nan ne gidan." Suka tafi.

Maƙwabcinmu ya raɗa min, "'Yan sara-suka ne, 'yan daba," ya shige gida ya sa sakata.

Yanzu haka babur ɗin ya dawo. Yana tsaye a bakin layi, ba su kashe injin ba.