Atamfar da Kaka Ta Taya

Ina ninke atamfa a shagon da nake aiki a kasuwar Utako wayar Baba ta shigo. Ranar Talata ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Baba ba ya kiran mutum a wurin aikinsa, don haka tun kafin in ɗaga na san ba lafiya ba.

"'Yata, Inna ta tafi gida," in ji shi. "Bayan kin fita ta ce za ta ɗan kishingiɗa. Shi ke nan."

Inna ita ce mahaifiyarsa, kakata, wadda ta raine ni. Na zauna a kan dilar kaya da wayar a hannu. Hajiya mai shagon ta dubi fuskata ta tambaye ni lafiya, na ce kakata ce ta rasu. Ta yi salati, ta jawo mayafinta, ta fara lalube makullin mota a jaka.

"Rufe shagon mu tafi. Yaushe za a kai ta, bayan azahar? Tashi mana, kin san hanyar Mararaba da cunkoso. Kada a fita da ita ba ki gan ta ba."

Ban tashi ba. Na san ba ranar za a binne Kaka ba, ba kuma washegari ba. Za a kai ta ɗakin ajiye gawa na asibiti a jira dangi su taru, a yi mata addu'a a coci, a sa ta a akwati. Shekara huɗu ina aiki da Hajiya, kuma ba ta taɓa ji daga bakina cewa ni Kirista ce ba.

Sai na koma baya kaɗan kafin ka gane yadda na kai kaina nan.

Mu Hausawa ne daga wani ƙauye a kudancin Katsina, kuma masu bin Yesu ne tun daga kan mijin Kaka. Baba ya zo Abuja aikin gini, ya kama ɗaki biyu a wata unguwa ta laka da langa-langa a bayan Jabi. A nan aka haife ni. Ina shekara shida mahaifiyata ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Bayan kwana uku Kaka ta sauka a tashar mota da ƙullin kaya a ka, da wani tulu a rungume kamar jariri. Ba na ruwa ba ne. Shi take bugawa in matan coci suna waƙa, tana dukan bakinsa da tafin hannu yana ba da wata murya mai zurfi da kake ji a ƙirji.

Abin da na fi tunawa da shekarun nan shi ne asuba. Da an kira salla a masallacin unguwa sai ta taɓa ƙafata ta ce, "Ƙawata, maƙwabta sun tashi neman Allah, mu ma mu tashi." Ba ta iya karatu ba. Da na kai aji uku ni nake karanta mata Littafi Mai Tsarki a hasken aci-bal-bal, ina tuntuɓe a kan kalmomi, ita tana gyara mini daga abin da ta haddace. Sannan ta yi addu'a, kuma addu'arta sunaye ce. Ba ta iya dogon bayani ba. Sai ta kira mutum, ta faɗi damuwarsa, ta ce Ubangiji ka gan shi, ta wuce na gaba. Har mai sayar mana da gawayi yana ciki. Ɗakin yana warin kananzir da daddawa, ni kuwa ina gyangyaɗi a jikinta.

Ina shekara goma aka zo aka shafa wa bangonmu jan fenti. Manya suka ce rusau ne. Wasu suka kwashe kaya, wasu suka ce ai an sha shafawa ba a zo ba. Baba yana cikin masu cewa ba za a zo ba. Aka zo da damina, da hantsi, yana wurin aiki. Ni da Kaka muka fitar da abin da hannu zai iya ɗauka, katifa ɗaya, tukwane, akwatin mahaifiyata, da tulun. Muka tsaya a gefen hanya muna kallon katafila ta tura ɗakinmu sau ɗaya ya zube. Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar laka sai ranar ta dawo mini.

Da Baba ya iso ya zauna a kan ɓaraguzan ya dafe kai. Ban taɓa ganinsa haka ba, ko ranar da aka binne mahaifiyata. Kaka ta bar shi ya zauna. Ta tattara guntayen katakon rufinmu, ta jera duwatsu uku, ta hura wuta, ta dama kunu a babbar tukunya. Duk wanda aka rushe wa ɗaki a layinmu ya sha, Musulmi da Kirista. Sai da ta gama rabo ta kai wa Baba nasa a kwano, ta durƙusa kusa da shi.

"Ɗaki suka rushe," ta ce masa. "Ubangiji ba a cikin ɗakin yake zaune ba. Sha, ka tashi, yarinya tana kallonka."

Ya sha, ya tashi. Mun yi wata biyu muna kwana a ajin makarantar Lahadi na cocinmu kafin Baba ya samu ɗaki a Mararaba. A cikin wata biyun nan ba ranar da Kaka ta fasa tashin asuba, kuma sunayen da ke addu'arta suka ƙaru, domin duk mutanen layinmu sun shiga, kowa da inda ya watse. Har masu tuƙa katafilar ta sa. Na tambaye ta dalili, ta ce su ma aiko su aka yi, kuma suna da 'ya'ya.

A Mararaba ta shiga zumuntar matan coci sosai. Suna da zanensu na bai ɗaya, mai hoton gicciye, da farar riga da ɗankwali. Ni ce mai goge mata shi duk ranar Asabar da dutsen guga na gawayi, ina hura shi toka tana tashi. In ta ɗaura ta ɗauki tulunta, ina biye da ita a baya ina jin babu wanda ya kai ni gata. Na faɗi wannan ne don ka san ba a cikin ɓoyo aka raine ni ba. Abin da na yi daga baya ni na koya wa kaina.

Da na gama sakandare ban ci gaba ba. Na yi shekara biyu ina neman aiki. A wannan yawon na gaji da tambaya ɗaya. In na faɗi addinina, Bahaushe ya ce, "Bahaushiya kuma Kirista? Ta yaya?" Wanda ba Bahaushe ba kuma, ko a coci ne, sai ya dubi mayafina ya ɗan ja baya. Ranar da aka kai ni wurin Hajiya, ta ji Hausata ta ce, "Ah, 'yar gida ce." Ita ma Bakatsiniya ce. Ba ta tambayi addinina ba, ni ma ban faɗa ba. Na ce wa kaina ai ban yi ƙarya ba.

Amma shiru ba ya tsayawa a shiru. Ranar farko da lokacin salla ya yi ta ce in je, za ta tsare shago. Na fita, na zaga bayan layin masu takalma, na tsaya minti goma, na sayi ruwan leda na shafa a fuska da hannu, na dawo. Daga ranar haka nake yi. Da azumi nakan ɓoye abincina in ci a tsaye a bayan shagunan. Lahadi ba ma buɗewa, don haka ina zuwa coci ina waƙa da kowa. Hajiya ba ta taɓa faɗin mugun abu game da Kiristoci a gabana ba. Rabin masu sayen kayanta su ne. Tsoron nawa ne, ni na riƙe shi.

A shekarata ta biyu a shagon matan zumunta suka yi babban taro a cikin gari. Ban san Kaka za ta biyo ta kasuwa ba. Ina auna wa wata mata yadi sai na ɗaga kai na gan ta a bakin shago, cikin zanen nan mai gicciye da ni na goge mata, tana murmushi, da ledar dafaffiyar gyaɗa a hannu. Ta sha tambaya kafin ta gano wurin, gumi duk ya jiƙa mata farar rigar. Hajiya tana zaune a kujerarta, taku biyu daga inda nake.

Na buɗe baki na ce, "Sannu Mama, me za a ba ki?"

Haka muke ce wa kowace tsohuwa da ta shigo sayayya. Kaka ta dube ni. Ba ta daɗe tana dubana ba, amma na ga lokacin da ta gane. Ta dubi Hajiya, ta gaishe ta da ladabi. Sannan ta matso ta shafa wata atamfa shuɗiya da ke rataye, ta tambayi kuɗinta. Na faɗa mata. Ta taya, kamar yadda mai saye yake yi. Na ce ba a bari haka ba.

"To, ta fi ƙarfina, 'yan mata," in ji ta. "Allah ya ba da kasuwa."

Ta juya ta fita da gyaɗarta. Na bi bayanta da ido har ta shige cikin mutane, tana ɗan ɗingisa ƙafar da ke damunta. Ban bi ta ba. Na koma na ƙarasa auna yadin.

Da yamma na dawo gida na same ta tana tsince shinkafa a faranti. Gyaɗar tana ajiye a kan katifata. Na tsaya ina jiran faɗa, ko kuka, ko ta gaya wa Baba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Shagonku da kyau. Hajiyar nan tana da fara'a." Washegari da asuba, a cikin sunayen, na ji ta ce, "Da Hajiyar da ke riƙe da ƙawata, Ubangiji ka gan ta, ka sa albarka a kasuwarta." Sannan ta kira sunana. Ba ta faɗi damuwata ba kamar yadda take yi wa kowa. Ta ce, "Wannan kuma kai ka san abin da take tsoro." Ta wuce na gaba.

Ba ta sake zuwa Utako ba. Mun yi shekara biyu bayan haka a ɗaki ɗaya, muna ci a kwano ɗaya. Sau da yawa na shirya maganar. Wata rana ina yi mata kitso har na ce, "Kaka, ranar nan da kika zo kasuwa," ta ce, "Ina jin ki." Sai na ce ai atamfar nan an sayar da ita. Ta ce, "Madalla." Na ci gaba da kitso.

Wannan duka shi ne abin da ke kaina a ranar Talatar nan, Hajiya tana tsaye da makulli a hannu tana jirana.

"Hajiya, ba yau za a binne ta ba," na ce. "Sai Asabar ta sama. A coci za a yi. Mu Kiristoci ne."

Ta koma ta zauna. Sannan ta ce, "Tsohuwar nan ce da ta taya shuɗiyar atamfa?"

Na ɗaga kai.

"Ke, ai goshinku ɗaya, har tsayuwarku. Tun ranar na yi zargi. Na ce in kin shirya za ki faɗa da bakinki, ba ni zan tone ki ba. Yanzu ma da na ce mu tafi, na ce ko zargina ne ba daidai ba." Ta girgiza kai. "Ni addininki bai dame ni ba, 'yata. Ruwan nan da kike shafawa a fuska shi ne ya dame ni. Da abin da kika yi wa baiwar Allah nan a gabana."

Na durƙusa na roƙe ta gafara. Ta ce in tashi, ba yau ba ne ranar wannan. Ita ta kai ni Mararaba da motarta. Ranar jana'iza ba ta shiga coci ba, amma ta zo gida da kuloli biyu na abinci, ta zauna a tabarma cikin matan zumunta har la'asar, tana amsa gaisuwa kamar 'yar dangi.

Wata biyar ke nan. Ina nan a shagon. In lokacin salla ya yi Hajiya tana tafiya ni ina tsaro, kuma in baƙo ya yi mini tambayar nan ina ba shi amsa. Abin bai kai wuyar da na ɗauka ba, wannan ma wani abin kunya ne. Inda ɗakinmu yake a bayan Jabi yanzu bene ne mai gilashi, ba wanda zai ce mutane sun taɓa shan kunu a wurin. Akwai safiyar da ba na iya tashi don nauyin zuciya, sai in yi abin da na ga ana yi, in kira sunana a gaban Ubangiji in ce ka gan ni. Da wannan nake samun ƙarfin fita. Na gaya wa fastonmu komai, ya ce wanda ya tuba Yesu ba ya korar sa, kuma na gaskata, don ba don haka ba da ban iya rubuta wannan ba.

Allah na roƙe shi. Hajiya na roƙe ta, ta yafe. Kaka ce ban roƙa ba.