Sunan da Hajo Ba Ta Faɗa

Duk Tudun Wada an san Hajo mai yaji, kuma an san ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Sunansa Suhaibu. Ita "yaron nan" take cewa, in ranta ya ɓaci ta ce "wancan". Haka ta tarar ana yi, haka uwarta ta yi mata. Ranar da aka yaye shi kakarsa ta tafi da shi Dutsen Abba, Hajo ko zaure ba ta raka su ba. Ɗaki ta shiga, ta juya fuska bango, ta yi kukan da ba wanda ya ji. In ya zo hutu, ƙanwarsa take miƙa wa kwano ta ce, "Kai wa baƙon." Amma tsokar da ta fi kowace girma tana binne a ƙarƙashin tuwon, shi ma ya san da haka.

Mijinta, Malam Muntaka, tela ne. Ya rasu ya bar mata keken ɗinki da yara biyar. Ta sayar da keken ta sayi barkono, citta, kanumfari, masoro da kimba, ta kafa turmi a tsakar gida. Ba ta kai kayanta inji, ta ce inji yana ƙona ƙamshi. Daga Hanwa har cikin birni, gidan da aka haihu sai an aiko wurinta neman yajin jego. Da taɓaryar nan ta yi wa yaran karatu.

Suhaibu ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya zaga ofisoshi har takalminsa ya cinye. Sai ya dawo gida ya ƙura wa turmin uwarsa ido. Ya sayo ƙananan robobi, ya sa aka buga tambari: Yajin Suhaibu. Da aka karanta wa Hajo sai ta ci gaba da dakanta. A ranta ma daɗi ta ji.

Ya buɗe shafi a Tiktok ya yi ta zuba hotunan robobi, ba wanda ya waiwaya. Matarsa Naja'atu ce ta gano bakin zaren. Ta ce mutane ba roba suke son kallo ba, mutum suke so. Wata rana da hantsi ta tsaya kan Hajo da waya, Hajo tana cikin daka.

"Inna, ɗaga robar ki ce, ku sayi Yajin Suhaibu."

Hajo ta ɗaga robar. "Ku sayi yajin… yajin yaron nan."

"Wane yaro, Inna?"

"Ke da kike aurensa ba ki san shi ba? Kauce min da madubin nan kafin barkono ya shiga miki ido."

Haka suka ɗora bidiyon, ba su yanke komai ba. Kafin sati ya zagayo ya karaɗe ko'ina. Naja'atu tana karanta mata abin da mutane suka rubuta. Wani direba a Legas ya ce ta tuna masa da uwarsa har ya yi hawaye. Mafi yawa dai dariya suka yi. Oda ta soma shigowa, ana ɗaure kwali-kwali ana kaiwa tasha.

Suhaibu ya ce sirrin sana'ar nan shi ne kada a bar mabiya su huta, kullum a jefa musu abin da za su tanka. Saboda haka kowane bidiyo ya zama tarko. Yau a tambaye ta sunan mijin Naja'atu, gobe a ce ta jera 'ya'yanta daga babba zuwa ƙarami. Kullum Hajo tana zillewa, zillewar kuma ita ce hajar. Tun tana murmushi har ta daina.

Aka laƙaba mata "Inna Yaron Nan". Matar da 'yan unguwa ke rusuna wa, yanzu in ta fito ɗan acaɓa da ta yi jika da shi sai ya rage gudu ya ce, "Inna, wane yaro?" Ta daina zuwa kasuwa. Yajin ma ya bar hannunta, don hannu biyu ba za su iya da odar ba. Buhu-buhu ake kaiwa inji. Ita sai a zuba mata ɗan barkono a turmi ta daka na minti biyu, a ɗauka, a ce ta huta.

Daga baya kallon ya soma ja da baya, kamar yadda kowane kallo yake yi. Sai Suhaibu ya sanar a shafi cewa ranar Juma'a bayan la'asar Inna za ta faɗi sunan, kai tsaye, kowa na gani. Sai da ya sanar sannan ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaya mata.

Hajo ta dubi bango. "A gaya wa yaron nan ba zan yi ba."

"Inna, an riga an sanar. Suna ne fa kawai. Ba haramun ba ne, al'ada ce."

"Ban ce haramun ne ba."

"In ba a yi ba za su ce mun yaudare su, su watse. Ko so kike in koma yawon ofis?"

Ta ci gaba da kallon bango. Ya sassauta murya ya ce, "Ni ma ban taɓa ji ba, Inna. Ko sau ɗaya ina son in ji sunana a bakinki."

Wannan maganar ta shige ta har ƙashi. Ta juyo ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. A nan ta hangi Naja'atu a bayansa, ta raɓe jikin labule, waya a ɗage tana ɗauka.

"To," in ji Hajo.

Ranar Juma'a aka yafa mata sabon mayafi mai launin tambari, aka kunna mata wata fitila mai zagaye a fuska alhali rana ba ta faɗi ba. Suhaibu ya zauna kusa da ita yana jan mutane da surutu, yana cewa su kira 'yan'uwansu, su danna, su yaɗa. Naja'atu tana ta raɗa cewa sun cika, sun cika. Da ya ga ba sauran ja, ya ce, "To Inna, yajin wa za su saya?"

"Suhaibu," ta ce.

Yadda ake kiran mai ruwa in ya gifta da kura, haka ta faɗe shi. Hotunan zuciya suka yi ta tashi a fuskar wayar kamar ƙwarin shinge bayan ruwan sama. Wani ya rubuto, "Shi ke nan?" Kafin Suhaibu ya gama jero farashi, rabin mutanen sun tafi kallon wani abu.

Bayan haka ba wanda ya ƙara damuwa da bidiyon Hajo. Tsohuwa ce kawai tana daka, irinta kuwa cike suke da gari. Suhaibu ya ɗauko wata yarinya mai barkwanci, tana shafa toka a gira tana kwaikwayon tsofaffi, shafin ya ɗan farfaɗo. Hajo ta koma turminta, tana daka kaɗan tana ƙullawa a leda, masu jego na aikowa kamar da.

Amma tun daga ranar ba ta ƙara ce masa "yaron nan" ba. "Suhaibu, ka zo? Suhaibu, ga abinci." Da hannunta take miƙa masa kwanon, naman a sama, daidai da na kowa. Tana faɗin sunan a gaban baƙi, a gaban surukai, a bakin zaure, ba ta ko ƙifta ido. Tun yana dariya har ya koma sunkuyar da kai.

Wata rana ya shigo ya same ta ita kaɗai, ba waya a hannunsa. Ya tsaya kusa da turmi ya ce, "Inna, don Allah ki koma kirana yadda kika saba."

Hajo ta kwashe yajin da ke turmi, ta kakkaɓe taɓarya.

"Ai ka sayar, Suhaibu," ta ce. "Matsa, kana tare min iska."