Ruwan Buta a Ajin Faransanci

Ni mai i'ina ce, kuma a aji biyu na sakandare abin ya kai ni maƙura. Shekarar da muka baro Gwaska muka tare a cikin gari ke nan. Da na buɗe baki sai 'yan aji su soma ƙunshe dariya, ni kuwa ga zuciya kamar kuturwa. Ranar Laraba na gaya wa Baba daga Juma'a na bar boko. Bai yi faɗa ba, ya ce Allah ya kai mu.

Ranar Alhamis malamar Faransanci, wata gajeruwa mai faɗan tsiya, ta shigo da buta da kwano. Ta ce ta gaji da yadda muke daddatsa magana kamar masu yanka kuɓewa. A Faransanci, in ji ta, sau da yawa wutsiyar kalma kan kama kan ta gaba. Ta rubuta nous allons, ta ce ba "nu, alon" ba ne, "nuzalon" ne. Dokarta ɗaya: in ta soma tsiyaya ruwa a kwano, bakinka ya tafi tare da shi har ya tsaya.

Na sunkuyar da kai, amma ni ta fara nunawa.

"Ke 'yar lungu, taso."

"M-m-malama, b-ba zan..."

"Ban tambaye ki ba. Ruwan za ki kalla, ki rabu da waɗannan."

Ta karkata buta. Na ja numfashi, na ce, "Nuzalonzalekol." Wato za mu makaranta. Ya fita sumul! Ashe a bakin kowace kalma nake tuntuɓe, nan kuwa an ɗinke su, babu inda zan tsaya balle in maƙale. Sau huɗu tana cika buta ina maimaitawa, har da na neman suna. Daɗi ya kama ni har na ji kunya.

Ba warkewa na yi ba, har yau ina i'ina, kuma ni ke koyar da darasin nan yanzu.

Da yammacin Juma'a Baba ya dawo daga gona a Kazage, yana kakkaɓe ƙasa daga wandonsa, ya ce, "To, uwata, an gama bokon?"

Na daɗe ina kokawa da kalmar. Bai ƙarasa mini ba, ya tsaya yana jira da fartanya a kafaɗa.

"Z-z-zan k-koma, Baba."